Shaidar da Ta Bi Hatsi Daga Faranti Zuwa Rumbu

A watan Janairun 1983, a wani taron masana kimiyya da aka yi a birnin Miami na Amurka, ƙungiyoyi uku na masu bincike suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba da labari iri guda: sun sa ƙwayar gado ta wata halitta dabam a cikin jikin tsiro, kuma ta yi aiki. Ƙungiya ta farko ita ce ta Marc Van Montagu da Jeff Schell daga birnin Ghent na Beljiyam. Ta biyu ta Mary-Dell Chilton ce, daga Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ta uku kuwa ta kamfanin Monsanto ce, inda Robert Fraley da Stephen Rogers da Robert Horsch suke aiki tare.

Ƙwayar gadon da suka sa ba ta ƙara yabanya, ba ta korar ƙwari, ba ta kuma rage wa shuka ƙishirwa. Abin da take yi kawai shi ne ta sa tsiro ya jure wa wani maganin kashe bakteriya mai suna kanamaisin da danginsa. Babu manomin da ya taɓa neman wannan hali a gonarsa. Masu binciken ne suke buƙatarsa, domin su gane wane tsiro ne ya karɓi abin da suka ba shi. Shaida ce ta aikin 'yan makonni a cikin ɗakin gwaji, amma da yake an rubuta ta a cikin gadon tsiron, sai ta bi shi zuwa gona, ta shiga iri, ta shiga buhu, daga ƙarshe ta isa majalisun dokoki da kotuna.

Ɗaya cikin dubbai

Jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. Mai son sauya halittar tsiro ba ya aiki da cikakkiyar shuka. Yakan yanki ɗan ganye ko ɗanyen ƙwayar iri, ya ajiye a faranti mai ɗauke da abinci da sinadaran girma, har naman ya kumbura ya zama dunƙule marar siffa, wanda ake kira kalus. A cikin wannan dunƙulen ake ƙoƙarin cusa sabuwar ƙwayar gado, sannan a lallaɓa sel ɗin da suka karɓa har su fitar da saiwa da ganye.

Matsalar ita ce kaɗan ne ƙwarai suke karɓa, watakila ɗaya cikin dubbai, kuma wanda ya karɓa kamarsa ɗaya da wanda bai karɓa ba. Idan aka bar su duka su girma, marasa sauyin za su rinjaye su, mai bincike ya ƙare da ɗaruruwan shuke-shuke da babu komai a cikinsu. Dole a sami rariya.

Dabarar da aka samo ita ce a ɗaure ƙwayar gadon da ake so da wata ta biyu mai ba da kariya daga guba, a cusa su tare, sannan a zuba gubar a farantin. Duk sel ɗin da bai karɓi kunshin ba zai daina girma ya mutu. Wanda ya rayu, rayuwarsa ita ce hujjar cewa ya karɓa. Masana suka zaɓi magungunan kashe bakteriya a matsayin gubar, domin sun riga sun san ƙwayoyin gadon da ke karya su.

Kanamaisin yana hana ƙwayar bakteriya haɗa furotin. Yana cutar da tsiro ne saboda ɓangarorin sel masu sarrafa hasken rana da masu samar da kuzari suna da injin haɗa furotin irin na bakteriya. Shi ya sa ganyen taba da aka ɗora a kan kanamaisin yakan koɗe ya yi fari. Ƙwayar gadon da ake kira nptII tana samar da wani sinadari da ke manna wa maganin ɗan guntun fosfet, sai maganin ya kasa kama inda ya saba kamawa.

Abin da aka aro daga asibiti

Asalin wannan kayan aiki yana ƙasar Japan, ta hanyoyi biyu. A 1957 Hamao Umezawa ya gano kanamaisin a jikin wata bakteriyar ƙasa, aka kuma shiga amfani da shi wajen maganin tarin fuka da wasu cututtuka. A ƙarshen waɗannan shekarun na 1950 likitocin Japan suka lura da wani abu mai tayar da hankali: bakteriyar da ke kawo atini ta fara jure wa magunguna da yawa a lokaci guda, kuma tana iya miƙa wannan jurewar ga wata bakteriyar da ba danginta ba. Bincike ya nuna cewa jurewar tana tafiya ne a kan wasu ƙananan zobba na DNA da bakteriya ke musaya a tsakaninsu, waɗanda ake kira falasmid.

Abin da ya zama bala'i ga likita sai ya zama kayan aiki ga masanin halitta. A 1973 Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka yanka zobban nan suka haɗa su, suka mayar cikin bakteriya. Hanyar da suka gane cewa aikin ya yi ita ce bakteriyar ta rayu a farantin da ke da tetirasaikilin da kanamaisin. Shekara 10 bayan haka, ƙungiyoyin da suka hallara a Miami sun ɗauko nptII daga wani guntun DNA mai yawo tsakanin bakteriya da ake kira Tn5, suka sa masa makunnin da tsiro ke iya karantawa, suka ba wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium ta kai shi. Wannan bakteriya tun fil azal sana'arta ke nan: takan cusa nata DNA cikin tsiro ta sa shi ya yi ƙari.

Tun daga tushe ke nan, shaidar da aka sa wa tsiro ta fito ne daga matsalar da ta fi damun likitoci. Duk rigimar da za ta biyo baya tana ɓoye a cikin wannan asalin.

Hatsi ya ƙi

Taba da tumatir da dankali sun karɓi dabarar cikin sauƙi. Shinkafa da masara da alkama da dawa, waɗanda su ne abincin yawancin mutanen duniya, suka turje ta fuska uku. Agrobacterium ba ta saba kama dangin ciyawa ba. Naman hatsi yana da wuyar mayarwa cikakkiyar shuka. Na uku, kanamaisin ba ya kashe kalus ɗin hatsi yadda ya kamata. Sau da yawa a cikin duhu ake renon wannan kalus, ba kore ba ne, kuma yana da juriyar kansa ga maganin. Idan aka zuba kaɗan, marasa sauyi su tsallake. Idan aka zuba da yawa, waɗanda suka tsira su kasa fitar da ganye. Rariyar da ta yi wa taba daidai, ga hatsi ramukanta sun yi faɗi.

An fara kewaye matsala ta farko da ƙarfin tsiya. Wasu suka narkar da bangon sel da sinadarai, suka bar shi tsirara, suka buga masa wutar lantarki don DNA ya shiga. Da wannan hanya Michael Fromm da Virginia Walbot na Stanford da abokiyar aikinsu suka sami sel ɗin masara masu jure kanamaisin a 1986. A 1988 Carol Rhodes da abokan aikinta suka kai ga cikakkiyar shukar masara mai ɗauke da nptII, sai dai ba ta ba da iri ba. A Jami'ar Cornell kuma John Sanford da Ted Klein suka ƙera bindiga da ke harba ƙurar ƙarfen tangistin da aka shafa wa DNA cikin naman tsiro, da harsashin da ba shi da kai. Sun buga sakamakonsu a 1987, bayan gwaji a kan fatar albasa.

Matsalar rariya kuwa, hanyoyi uku aka bi. Ta farko ita ce a riƙe nptII amma a sauya gubar, a yi amfani da danginsa masu zafi kamar G418 da faromomaisin, waɗanda nptII ke iya karyawa. Ta biyu ita ce wani magani dabam, haigiromaisin, wanda aka samo daga bakteriyar ƙasa a shekarun 1950. Ba a ba mutane shi, domin yana cutar da sel ɗin mutum kamar yadda yake cutar da na bakteriya, amma an yi amfani da shi a abincin aladu da kaji don kashe tsutsar ciki. Wannan zafin nasa shi ya sa ya dace da hatsi. A 1989 Ko Shimamoto da abokan aikinsa a Japan suka sami shinkafa mai sauyi wadda ta ba da iri, ta hanyar tace ta da haigiromaisin. A 1990 Swapan Datta, a ɗakin gwajin Ingo Potrykus da ke Zurich, ya yi haka da shinkafar indika, irin wadda aka fi ci a kudancin Asiya.

Hanya ta uku ita ce maganin ciyawa. Wata ƙwayar gado mai suna bar, wadda ita ma daga bakteriyar ƙasa ta fito, tana kare tsiro daga sinadarin bayalafos da ɗan uwansa gulufosinet. Da ita kamfanin DeKalb ya sami masara mai haihuwa a 1990, Indra Vasil na Jami'ar Florida ya sami alkama a 1992, masana na Jami'ar Purdue suka sami dawa a 1993, aka kuma sami sha'ir a 1994.

A 1994 ɗin ne Yukoh Hiei da Toshihiko Komari da abokan aikinsu a kamfanin Japan Tobacco suka nuna cewa Agrobacterium tana iya kama shinkafa, idan aka ba ta nama mai tasowa da sauri, aka kuma ɗiga mata sinadarin da ke tayar da ita. Haigiromaisin ne rariyarsu. Masara ta biyo baya a 1996, alkama a 1997 da nptII da G418, dawa a 2000. Har yau, wanda ya shiga ɗakin binciken shinkafa a Sin ko Indiya ko Filifin zai tarar da haigiromaisin a cikin firij. Shinkafar nan mai ruwan zinariya da Potrykus da Peter Beyer suka sanar a 2000, wadda aka yi don magance ƙarancin bitamin A, da shi aka tace ta a zubin farko.

Shaidar tana da amfani ko bayan an bar faranti. Mai bincike yakan jiƙa iri a ruwan haigiromaisin ya ga wanda zai tsiro, ko ya ɗiga maganin a kan ganye ya ga ko zai ƙone, ta haka ya bi sawun sauyin daga zuriya zuwa zuriya. Ɗakunan gwajin hukumomi ma, idan suna son sanin ko akwai hatsi mai sauyi a cikin kayan da jirgi ya kawo, nptII yana cikin alamomin da sukan nema.

Masarar da ta tayar da ƙura a Turai

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara duba batun ne saboda tumatir ɗin Flavr Savr na kamfanin Calgene. Tambayoyi biyu aka yi. Shin furotin ɗin da nptII ke samarwa zai karya maganin da majiyyaci ya sha tare da abinci? Shin ƙwayar gadon za ta iya tsallakawa daga abinci zuwa bakteriyar hanji? A watan Mayun 1994 hukumar ta amince da shi a tumatir da auduga da kanola. Hujjarta ita ce ciki yana narkar da furotin ɗin, kuma bakteriya masu jure kanamaisin sun riga sun cika hanjin mutane da ƙasar gona, don haka ko da tsallakawar ta auku, ba za ta ƙara wani abin a zo a gani ba.

Hatsin da ya mayar da maganar rigimar ƙasa da ƙasa shi ne masarar Bt176 ta kamfanin Ciba-Geigy na Siwizalan, wadda aka yi don kashe tsutsar kara. Da bindiga aka harba mata DNA, kuma a wancan zamani zoben falasmid ɗin gaba ɗaya ake harbawa. A jikin zoben akwai wata ƙwayar gado mai suna bla, mai karya amfisilin. Ba don masarar aka sa ta ba: an yi amfani da ita ne tun farko wajen tace bakteriyar da ke ninka zoben a ɗakin gwaji. Makunninta na bakteriya ne, don haka a jikin masara barci take yi. Amma abin da ya sa take barci a tsiro shi ne zai sa ta farka nan take idan ta faɗa cikin bakteriya. Amfisilin kuwa ɗan gidan fenisilin ne, yana cikin magungunan da asibitoci suka fi dogaro da su.

Kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan sababbin abinci ya nuna damuwa, musamman game da ciyar da dabbobi ɗanyar masarar. Duk da adawar yawancin ƙasashen Tarayyar Turai, hukumar zartarwar Tarayyar ta amince da ita a ƙarshen 1996. A farkon 1997 Ostiriya da Lukzambur suka haramta ta a ƙasashensu. A 1999 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta nemi a hana amfani da irin wannan shaida a abinci baki ɗaya.

Daga nan maganar ta shiga doka. Dokar Tarayyar Turai ta 2001 kan sakin halittu masu sauyi ta ce a daina amfani da shaidar jure magani wadda za ta iya cutar da lafiya ko muhalli: kafin ƙarshen 2004 ga abin da ake sayarwa, kafin ƙarshen 2008 ga gwajin gona. A 2003 hukumar Codex, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta ba da shawarar a nemi wasu hanyoyi, kuma kada a bar shaidar jure magungunan da ake amfani da su a asibiti cikin abinci. A 2004 hukumar amincin abinci ta Turai ta kasa waɗannan ƙwayoyin gado kashi uku. Ta sa nptII da ta haigiromaisin a kashin da ba a ga dalilin hanawa ba. Ta sa bla a kashin da za a bari a gwajin gona kawai. Masu karya tetirasaikilin da amikasin kuwa ta ce kada a gan su a amfanin gona sam. Manoman Sifaniya, waɗanda suka noma Bt176 tun 1998, suka koma wani irin, aka kuma janye ta daga kasuwar Turai a hukumance a 2007.

Abin da bincike ya nuna

Masana sun gwada tsallakawar da ake tsoro. A 1998 Frank Gebhard da Kornelia Smalla a Jamus suka ɗauki wata bakteriyar ƙasa da ta ƙware wajen haɗiye DNA, suka sa mata nptII da aka gutsure wa wani yanki, suka ba ta DNA na tsiro mai sauyi. Bakteriyar ta yi amfani da shi ta cike giɓin, ta koma mai jure kanamaisin. Wannan ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne. Ya kuma nuna sharaɗinsa: sai bakteriyar ta riga tana ɗauke da kwafin da ya yi kama da shi, wanda sabon zai manne wa.

A gona kuwa, wani bincike da aka buga a 2008 ya duba ƙasar wani fili a kudu maso yammacin Faransa inda aka noma Bt176 shekara 10 a jere. An sami bakteriya masu jure dangin fenisilin da yawa, amma haka aka same su a filin masarar gargajiya da filin da ba a noma ba. Jurewar ta girmi masarar.

Wannan bai rufe maganar ba, domin darajar magani tana canzawa. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dangin kanamaisin cikin magungunan da suka fi muhimmanci ga ɗan Adam, kuma a lokacin kanamaisin yana cikin alluran da ake yi wa masu tarin fuka mai bijire wa magani. A 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ce bai kamata a ɗauke shi a matsayin marar muhimmanci ba. Da hukumar amincin abinci ta sake zama a 2009, ta tsaya kan cewa ba a taɓa ganin tsallakawar a wajen ɗakin gwaji ba kuma cutarwa abu ne mai wuya, amma masana biyu daga cikin kwamitin suka rubuta ra'ayin da ya saɓa, suna cewa shaidar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci haka ba. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga jerin da take ba da shawara ga masu wannan tarin fukan, saboda illarsa ga ji da kuma samun magungunan da suka fi shi.

Lusaka, 2002

Inda wannan muhawara ta fi tsada shi ne inda ba a fara ta ba. A 2002 fari ya afka wa kudancin Afirka, kusan mutum miliyan 3 a Zambiya suka shiga buƙatar taimakon abinci. Yawancin masarar agaji daga Amurka take, kuma a gauraye take da mai sauyi. Zimbabuwe da Mozambik da Malawi suka karɓa bisa sharaɗin a niƙa ta kafin a raba, don kada a shuka. Shugaba Levy Mwanawasa na Zambiya ya ƙi ko da niƙaƙƙiya. Ya tura masana ƙasarsa zuwa Amurka da Afirka ta Kudu da Turai su ji daga bakin kowane ɓangare, kuma batun jure magani yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su. Wata hujjar ita ce Ba'amurke yana cin masara kaɗan ne a cikin abincin da aka sarrafa, alhali ɗan Zambiya tuwonta yake ci safe da dare. Akwai kuma tsoron rasa kasuwar Turai. A watan Oktoba gwamnati ta tabbatar da ƙin, hukumomin agaji suka shiga neman wata masarar.

Ko da wane ido mutum ya kalli hukuncin Lusaka, ya nuna nisan da shaidar ta yi tafiya. Zaɓin da wani mai bincike ya yi don sauƙin aikinsa a faranti ya shiga cikin lissafin shugaban ƙasa kan abin da mayunwata za su ci.

Yadda aka koyi goge ta

Kamfanoni da jami'o'i sun gane cewa ko da sun yi nasara a muhawarar kimiyya, sun fi samun sauƙi idan babu shaidar. Masu bindiga suka koyi yanke sauran zoben su harba guntun da ake buƙata kawai, wanda da an yi haka tun farko da Bt176 ba ta ɗauki bla ba. A 1991 Emily Dale da David Ow suka nuna yadda za a kewaye shaidar da alamomi biyu, daga baya a kawo sinadarin da zai yanke abin da ke tsakaninsu. A 1996 Komari ya kawo hanya mafi sauƙi: a aika ƙwayar gadon da ake so da shaidar a kunshi biyu dabam. Sau da yawa sukan sauka a wurare biyu da ba su haɗe ba, don haka idan shukar ta yi iri, gado zai raba su. Bisa lissafin Mendel, kusan 3 cikin kowane 16 na 'ya'yan za su fito da halin da ake so ba tare da shaidar ba.

Wasu kuma suka bar guba suka koma yunwa. Yawancin tsirrai ba sa iya cin wani sukari mai suna manos. Idan aka ba su ƙwayar gadon da ke sarrafa shi, aka cika farantin da shi, masu sauyi za su ci su girma, sauran su tsaya. Da wannan aka yi zubi na biyu na shinkafa mai ruwan zinariya a 2005, da shi kuma masana a Afirka ta Kudu suka tace gero a 2004. A aikin gyaran gado na zamani da ake kira CRISPR, har yanzu ana yawan tace shinkafa da haigiromaisin a zuriyar farko, sannan a zuriya ta gaba a juya rariyar: a nemi 'ya'yan da suka riƙe gyaran amma maganin yana kashe ganyensu, domin su ne suka rabu da baƙon DNA.

Daga Miami zuwa Samaru

Duk wannan tarihi yana nan a taƙaice cikin masarar TELA, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta yi aiki a kanta tare da gidauniyar AATF. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa don sa ido kan irin waɗannan halittu a Najeriya, ta ba da izini a 2021, aka kuma saki iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, a watan Janairun 2024. Aikin ya dogara ne kan sauye-sauye biyu da suka fito daga Monsanto. Na farko, MON 89034, mai kashe tsutsar kara da tsutsa mai cin ganye, an yi shi ta hanyar kunshi biyu, an tace da nptII sannan gado ya fitar da ita. Na biyu, MON 87460, mai taimaka wa shuka jure fari, yana ɗauke da nptII har yanzu. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019 shi ma yana ɗauke da ita.

Saboda haka tambayar ko akwai maganin bakteriya a cikin hatsi amsarta a'a ce: maganin ya tsaya a faranti. Abin da kan rage shi ne ƙwayar gadon da ke karya shi, kuma a kanta ne shekarun gardama suka bar tambayoyin da ya dace ɗan majalisa ko likita ko ɗan jarida ya yi wa duk wani sabon iri. Wace shaida aka yi amfani da ita? Tana nan ko an cire ta? Wane magani take karyawa, kuma wa ke buƙatar wannan maganin a yau? Makunninta na tsiro ne ko na bakteriya? Amsoshin suna cikin takardun da ake miƙa wa hukuma, kuma haƙƙin jama'a ne su gani.

Akwai kuma ma'auni da bai kamata ya ɓace ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a: kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Hanyoyin da aka tabbatar suna haifar da wannan sanannu ne: kafso da ake saya a kemis ba takardar likita, maganin da ake bari da zarar zazzaɓi ya sauka, wanda ake zuba wa kaji a ruwan sha, da jabun da ke yawo a kasuwa. Ƙwayar gadon da ke cikin masara daga bakteriya aka aro ta, kuma bakteriyar ba ta daina raba wa 'yan uwanta ita ba tun kafin a ƙera bindigar Cornell.